Gefen Idon Mai Igwa

A layinsu ba wanda yake ce masa Direba, ko da yake tuƙi ne sana'arsa tun yana saurayi. Mai Igwa suke ce masa. Igwar kuwa ba ta taɓa harbin kowa ba. Wani ƙaton bututun roba ne irin na magudanar ruwa, tsawonsa ya kusa kai na mutum, an shafe shi da baƙin fenti an ɗora a kan akwatin katako mai juyawa. Can ƙasan cikinsa akwai madubi mai kauri, faɗinsa kamar na farantin abinci. A sama akwai wani ɗan ƙaramin madubi a karkace, sai gilashin leƙe a gefe, inda ake kanga ido. Da wannan yake kallon wata da taurari. Ranar da ya fara hawa da shi saman bene, wata tsohuwa a maƙwabta ta kwashe shanyarta ta shige ɗaki tana salati, shi ke nan suna ya bi shi.

Son kallon sama tun yana yaron mota ya kama shi. In babbar motarsu ta lalace a daji, maigidansa yakan tafi neman kayan gyara ya bar shi gadi, shi kuma ya kwanta rigingine a kan tamfol, ba abokin hira sai abin da ke samansa. Bayan ya zama direban kansa ne ya kwashe wa wani tsohon malamin makaranta kaya, wanda ya ajiye aiki zai koma wurin 'ya'yansa. Da aka gama lodi, tsohon ya miƙo masa wani abu mai nauyi a naɗe cikin bargo, ya ce, "Inda za ni babu saman bene. In ka iya, ka yi masa gida." Madubin ke nan. Sauran kayan kuwa shi ya harhaɗa su da hannunsa, da taimakon amininsa Mai Walda, yau a ƙara wannan, gobe a cire wancan, shekara da shekaru.

Matarsa ɗinki take yi a ɗakin gaba, kekenta a jikin taga, kowa Tela yake ce mata, har shi mijin. Mace ce marar yawan magana. In mutum ya shigo ɗakin sau ɗaya, za ta iya yanka masa riga ba tare da ta auna shi ba, don ta riga ta ga wace kafaɗa ce ta fi sauka. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, har Auta. Gidan ya rage daga ita sai shi, sai igwa a lulluɓe da rigar da ta ɗinka mata.

Da girma ya fara zuwa, ya bar dogon zango ya kama tuƙa bas ɗin wata masana'antar kwalaye. Kafin gari ya waye yakan bi unguwanni ya kwashi ma'aikata, da yamma ya maido su, motar kuma a ƙofar gidansu take kwana. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ko kaza bai taɓa takewa ba. In ya faɗa, Tela takan ce, "Ka ce alhamdu lillahi, Malam." Ya ce, "Ai shi nake nufi, ranki ya daɗe."

Cikin duk karatunsa na sama abu ɗaya ne ya zauna mata, shi ma tun Auta tana goye ya koya mata shi. Akwai wani abu can sama da yake kira Hayaƙi. Ya ce ba tauraro ɗaya ba ne, taron taurari ne masu nisan da hankali ba ya ɗauka, suka haɗu suka zama kamar dusashen tabo a baƙin yadi. Ta leƙa ta ce ita ba ta ga komai ba.

Ya ce, "Kin zuba masa ido ne, shi ya sa. Abu mai rauni ba a kallonsa kai tsaye, kunya gare shi. Kalli kusa da shi, ki yi kamar ba ruwanki da shi, gefen idonki zai kamo miki shi."

Ta kawar da idonta kaɗan, sai ga shi ya bayyana, fari-fari, a karkace. Da ta maido ido kansa ya sake dushewa.

Ya ce, "Haka tuƙi yake. Tsakiyar ido ta titi ce. Amma yaron da zai fito da gudu daga lungu, gefen ido ne yake ganinsa."

To, wata shekara, a watannin da Hayaƙi yake fitowa da wuri, ya sauko daga bene bayan isha'i ransa a ɓace. Ya ce madubin ya yi yana. Wata yana nan garau da ramukansa, tauraro mai zobe ma yana nan, amma Hayaƙi ya ƙi fitowa, da shi da duk ƙananan abubuwa masu rauni da ya saba gani.

Ranar hutunsa ya kwance gindin bututun ya fito da madubin. Ya sa Tela ta wanke masa sabon baho, ya sayo ruwan batir, don ya ce ruwan famfo yana barin tabo, ya ɗiga sabulu kaɗan, ya cire zobensa da agogonsa. Audugar ma ba gogawa yake yi da ita ba, ɗora ta yake yi a cikin ruwan ya ja a hankali, nauyinta kawai, ya yar ya ɗauki wata. Ya jingine madubin a tsaye ruwan ya tsiyaye, ya bi sauran ɗigon da bakin takarda yana tsotse su ɗaya bayan ɗaya. Tela ta zo wucewa ta ga fuskarta a ciki, ƙatuwa, har ta hango wata furfura da ba ta san da ita ba. Ita dai ba ta ga yana ba.

Ya mayar da shi, ya zauna yana murza notuna ukun da ke bayansa, ya tashi ya leƙa, ya dawo ya murza, har madubai biyun suka kalli juna daidai. Da dare ya yi ya hau. Bai daɗe ba ya sauko. Babu Hayaƙi.

Sai ya ce fitilar da maƙwabcinsu ya kafa a katanga ce take kashe masa sama. Ya sa Tela ta ɗinka masa labule baƙi ya kewaye wurin da yake tsayawa. Da hakan bai yi ba, ya ce cikin bututun ne yake sheƙi, fentin ya tsufa. Ta yanka masa ragowar baƙin karammiski na wata riga, ya zura hannu har kafaɗa yana liƙawa da gam, ya fito duk gashin yadi a gemu. Daga nan ya ce madubin yana riƙe zafin rana, ya ɗaura masa 'yar fanka a gindi. Ya kira Auta a waya, mijinta ya aiko da sabon gilashin leƙe mai faɗi a cikin kwali mai soso. Ya riƙe shi kamar ƙwai ya hau da shi. Tela tana ƙasa tana jin takunsa a kan rufi, ya je, ya dawo, ya tsaya. Can ta ji tsakinsa.

A cikin waɗannan watannin ne ta fara lura da wasu abubuwa. Ta ajiye masa kofin shayi a damansa kamar kullum, ya juyo zai ɗauki sukundireba ya kwashe shi da gwiwar hannu, ya ce wa ya ce ta ajiye masa abu a ɓoye. Ta zo wanki ta ga kafaɗar dama ta rigunansa duk ta kwashi farin fentin bakin ƙofa. Ta ga in zai sauko daga matakala yana sunkuyar da kai sosai, in kuma aka yi sallama daga gefe, ba ido yake juyawa ba, duk wuyansa yake juyawa, kamar wanda ya kwana a kan mummunan matashi. Wata rana kyanwar gidan tana kwance a dama da ƙafarsa ya taka mata wutsiya, mutumin da a da yakan hango allurar da ta faɗi a ƙarƙashin keke daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ko za ka je a duba maka ido?"

Ya ɗauko kwalbar man keke ya karanto mata ƙananan rubutun da ke jiki tun daga sama har ƙasa, ba gargada. Ya ce, "Wanne kike so in ƙara miki? Idona ya fi na saurayi."

Gaskiya ne kuma, ya karanta. Amma daga ranar in ta ji ya tayar da bas da asuba, ba ta tashi daga kan sallaya sai ƙarar ta ɓace mata gaba ɗaya.

Wata yamma wata yarinya mai tsohon ciki, cikin masu naɗe kwali a masana'antar, ta kawo a buɗa mata riguna. Tela ta durƙusa tana auna ta, fil a baki, yarinyar tana ta zuba.

"Mama, ai yau Baba ya kusa aika mu lahira ba sallama. A shatale-talen nan na kusa da gidan mai. Wani mai babur ya taho ta dama da matarsa a baya, kowa a motar ya gan shi, muna ta ihu, Baba kuwa ko a jikinsa. Sai da ya ji ihun ya taka birki, na dafe cikina, goshin wata ya bugi ƙarfe. Kin san me ya ce? Wai daga sama mutumin ya faɗo!" Ta ƙyalƙyale da dariya. "Muka ce to Baba, ai kai ne masanin sama, me ya sa ba ka hango shi ba?"

Tela ta cire fil ɗin daga bakinta ɗaya-ɗaya ta soke su a jikin matashi. Ta ce, "Yau ne kawai?"

"Ai kwanan baya ma ya goge wata baro a bakin kasuwa. Amma Baba ya iya mota, wallahi. Masu baburan nan ne ba su da hankali. Mama, ki sakar min nan sosai, yaron nan kullum ƙara faɗi yake."

Da ya dawo bai ce mata komai ba, ita ma ba ta nuna ta ji ba. Amma da ta fita zubar da shara ta zagaya ta dama da motar, ta ga wani dogon layi a jikin fentin, an shafa masa man birki don ya dushe.

Ranar hutun da ta biyo Mai Walda ya zo, da baƙin tabaransa a goshi da wata kwalba a cikin leda. Tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina tsohon nan da ya gama da titin ƙasa yake neman lasin na sama? Ga ruwan asid ɗinka. In ka ƙone yatsu kada ka ce ni ne."

"Shigo, makahon gobe. Kai da ka ƙare rayuwarka kana kallon tartsatsi, me ka sani a kan haske?"

"Na san dai wanda nake kallo yana kawo cefane. Naka fa? Uwargida, tauraron nan ya taɓa aiko miki da ko barkono?"

Tela ta gaishe shi ta kawo ruwa. A nan ta ji shirin da suke yi. Ashe sheƙin madubin wani siririn shafe ne a fuskar gilashi, ya fi fatar albasa rashin kauri. Mai Igwa ya yanke cewa shafen ne ya mutu, yanar a cikinsa take, shi ya sa wanki bai fitar da ita ba. Zai cinye shi da asid, ya aika gilashin can babban gari wurin masu shafa sabo.

Mai Walda ya ɗaga madubin ya karkata shi ga haske. Ya ce, "Ni fa ban ga laifin abin nan ba. Har ramin haƙorina nake gani."

"Ai ba don kallon haƙoran tsofaffi aka yi shi ba."

Bayan baƙon ya tafi, Tela ta ce, "Malam, kafin ka zuba masa ruwan nan, ka mayar da shi yau kawai. Ina so in leƙa."

Ya dube ta da mamaki, don rabonta da hawa benen tun gwiwa ba ta fara damunta ba. Har daɗi ya ji. Ya mayar da madubin ya saita, bayan isha'i ya riƙe mata fitila ta hau a hankali. Ya juya igwar, ya bi taurarin da ya sani kamar yadda yake bin kwanonin unguwa, ya tsaya.

Ya ce, "Nan ne gidansa. Leƙa ki ga kango."

Ta yi bisimilla ta kanga ido. Da farko baƙi ne kawai da 'yan ɗigo-ɗigo. Ta kawar da idonta gefe kamar yadda ya koya mata. Sai ga shi. Bai taɓa fito mata da kyau kamar na ranar ba, don duk wahalar da ya sha ta wanki da karammiski da sabon gilashi ba ta tafi a banza ba. Ta daɗe a sunkuye, tana roƙon Allah Ya ba ta abin faɗa.

Ta ce, "Yana nan, Malam."

"Me yake nan?"

"Hayaƙinka."

Ya yi 'yar dariya. "Kina so ki faranta min ne. To yaya yake?"

"Kamar an ja auduga an miƙar da ita a karkace. Tsakiyar ta fi kauri. Ga wani ɗan ƙarami a kusa da shi kamar maɓalli, ga kuma wani can gefe, dusashe, shi sai na kawar da ido sosai."

Na ukun nan bai taɓa ba ta labarinsa ba. Ya matsar da ita ya kanga idonsa na dama, ya daɗe. Ya sauya na hagu, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba, ya daɗe a nan ma. Tana jin numfashinsa da ƙarar 'yar fankar.

Ta ce a hankali, "Ba madubin ba ne. Ka ji tsoron Allah a kan mutanen da kake ɗauka. Akwai mai ciki a motar nan."

Ya ɗago. "Wa ya kawo miki gulma?"

"Ba gulma ba ce. Na ga jikin motar."

"Idon da bai saba ba yakan ƙirƙiro abin da aka gaya masa. Shekara nawa ina tuƙi? Ke da ko keke mai taya ba ki taɓa hawa ba, sai na ɗinki!" Bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Ya ja rigar igwar ya lulluɓe ta. "Sauka, sanyi zai kama ki."

Washegari da ya dawo daga aiki ko riga bai cire ba. Ya fito da madubin ya kwantar a baho a tsakar gida, ya tsiyaya ruwan kwalbar a kai. Wani wari mai kama maƙogwaro ya tashi. Tela tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin ɗinki tana kallo. Sheƙin ya fara yin toka-toka daga gefe, yana saɓulewa, yana cin ciki. Sararin sama da ke kwance a cikin madubin, da igiyar shanya, da fuskarsa shi kansa a sunkuye, duk suka yi ta raguwa har ya zama saura ɗan da'ira a tsakiya. Shi ma ya tafi. Sai gilashi tsirara, ana hango ƙasan bahon ta cikinsa.

Ya ɗauraye shi ya naɗe a bargo. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "In ya dawo sabo za ki gani."

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi tunanin kiran Auta, ta san zai ce ta tara masa yara. Ta yi tunanin zuwa masana'antar da ƙafarta, ta san in ta yi haka ta tsinka shi a gaban mutane, kuma ba zai manta ba har kabari. Ta yi tunanin ɓoye makulli, ta san akwai wani a ofis. Kowace asuba motar tana tashi, kowace yamma Tela tana tsaye a jikin taga har ta ga hancin motar ya shigo layi. In waya ta yi ƙara da rana sai ɗinki ya karkace. Abinci ya daina shigar mata.

Ran nan da asuba, bayan ya dawo daga masallaci, ya fita duba mai da ruwa kamar kullum. Gari ya fara haske, ana iya gane fuskar mutum. Ta zuba masa shayi a filas ta bi shi waje. Ya rufe murfin injin yana goge hannu da tsumma, fuskarsa tana kallon ƙofar gida. Ita kuwa ta riga ta zagayo ta bayansa ta tsaya a damansa, kusa, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa hannun rigarsa. Ba ta shirya hakan ba. Ta buɗe baki za ta ce ga shayin, sai ta ga idonsa a buɗe yake, kuma ba ta cikinsa. Ta rufe bakinta.

Ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Tela! Shayin fa?"

Ta tsaya a inda take, farin mayafinta yana kaɗawa a iska.

"Tela! Zan makara fa!"

Ya duba agogo, ya yi tsaki, ya sake kallon ƙofar. Ta matso rabin taku. Bai motsa ba.

"Wai matar nan barci ta koma ne?"

Ta ce, "Ga ni, Malam."

Ya zabura har ya bugi jikin motar da baya. Ya juyo da dukan jikinsa ya same ta a gabansa. Ya dubi ƙofar, ya dube ta.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin ka fara kira."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya miƙe shi gefe, idonsa a kan katangar da ke gabansa, ya fara kawo hannun gaba a hankali yana motsa yatsu. Hannun ya yi ta tahowa, ya yi ta tahowa. Sai da ya kusa zuwa daidai hancinsa sannan ta ga ya tsayar da shi. Ya gwada na hagu. Shi da ɗan dama, amma ba sosai ba.

Ya zauna a kan matakin motar, makullin a tafin hannunsa. Wani mai burodi ya wuce a keke ya gaishe su, ita ce ta amsa. Can ya ciro waya ya kira direban da yake karɓarsa in ba shi da lafiya, ya ce ya zo ya ɗauki mota, mutane suna jira a hanya. Da aka tambaye shi ko lafiya, ya ce, "Zo dai."

A hanyar asibiti ya ɗan sami bakin magana. Ya ce mata yanar ido ce, ai ya sani, irin wadda aka cire wa yayan Mai Walda, ya shiga da sanda ya fito yana karanta jarida. Abin da ya yi yana ai sharewa ake yi. Sati nawa ne ya koma kan sitiyari. Ta ce Allah Ya sa.

Likitar ido wata mace ce mai sanyin murya, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba. Ta ɗiga masa magani, ta auna, ta haska, ta daɗe tana leƙen kowane ido. Sannan aka kai shi wani ɗaki mai duhu aka sa ya kafa haɓa a bakin wani abu kamar ƙatuwar ƙwarya, aka ba shi maɓalli a hannu, aka ce ya kalli tsakiya kawai, duk sanda ya ga ɗigon haske ya ƙyafta a ko'ina ya danna. Tela tana zaune a bayansa, tana iya hango ɗigon suna ƙyaftawa a cikin ƙwaryar, nan da can. Tana jin dannawarsa. Sai a yi shiru, haske ya ƙyafta a gefe, ya sake ƙyaftawa da ƙarfi, hannunsa yana kan maɓallin a shirye, bai danna ba.

Da suka koma wurin likitar ya riga ta magana. "'Yata, yana ce ko? Yaushe za a share?"

Ta ce, "Baba, ba yana ba ce. Gilashin idonka garau yake. Hawan jinin ido ne. Ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani, yana cinta daga gefe zuwa tsakiya, ba ciwo ba ƙaiƙayi, shi ya sa mutane ba sa ganewa da wuri."

"To a sauya jijiyar."

"Ba a sauya ta, Baba. Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙewa, da maganin ɗigawa safe da yamma, ba fashi, har iyakar rai. Na hagun ma ya kamu. Wane aiki kake yi?"

Tela ce ta ce, "Direba ne."

Likitar ta ajiye alƙalaminta. Shi kuwa ya ce, "A da dai."

Suka karɓi maganin suka fito. Rana ta take, titin gaban asibitin cike da motoci da babura, kowa yana danna ham. Sai sun tsallaka za su sami motar gida. Duk tsawon aurensu shi yake shiga gaba in za a tsallaka titi, ya ɗaga wa motoci hannu kamar ya san direbobin, ita ta biyo shi. Ya kai bakin kwalta ya sa ƙafa ɗaya, sai ya janye ta. Ya juya kansa dama gaba ɗaya, ya juya hagu gaba ɗaya, kafin ya dawo da shi dama wani babur ya riga ya wuce ta gabansa har iskarsa ta kaɗa masa riga.

Ya tsaya da ledar magani a hannu. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Tela, kina ina?"

"Ina damanka."

"Akwai mota?"

Ta kama bakin hannun rigarsa. Ta ce, "Akwai. Tsaya tukuna."